Uwarta ta ce a kai mata ita Tawa, ni kuma hankalina bai kwanta ba

Baban Nafisa
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nike nema, ku yi haƙuri da tsawon zancen.

Wasunku sun ji abin da ya samu maiɗakina kafin azumi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da munka kai ta asibiti nan Yamai tansiyonta, wato awon hawan jini, ya haura 20. An yi sikana, wato hoton cikin kai, likita ya ce jijiya ce ta toshe cikin kai, ba fashewa ta yi ba. Bayan an sallame mu munka shiga zuwa wajen kine, wato masu koya wa majinyaci motsa gaɓoɓi. Alhamdu lillahi yanzu tana zama da kanta, tana miƙewa in an kama ta, tana ɗan takawa cikin ɗaki da sanda. Hannun ne har yau ba ya motsi. Magana kuwa ɗaya-ɗaya take fita, amma duk abin da anka ce tana ji tana ganewa.

To zaman kine da anka rubuta mata ya kusa ƙarewa. Surukata ta aiko wan matar tawa takanas, ta ce a kai mata ɗiyarta gida, ƙauyensu can bayan Kalfu a jihar Tawa. Ta ce mace in ciwo ya daɗe gidan iyayenta take jinya, haka ta taso ta iske, kuma can akwai hannuwa. Ban ga laifinta ba. Mu nan ɗaki biyu ne na haya a unguwar Talaje, makewayi ɗaya mu da maƙwabta. Ni tela ne, in ban buɗe shago ba ba a ɗora tukunya, ɗinkin Sallah ma bana ya wuce ni. Ƙanwarta da ta zo taya mu, mijinta ya ce ta koma kafin ruwa ya sauka. In ta tafi sai ɗiyarmu Nafisa, ita kuwa bana take da jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare.

In kai ta, ko in riƙe ta nan? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini gaskiya ko ba daɗi.

Ɗan Adar Abija
Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Hajiya Ta Bilbis
Allah shi ba ta lahiya ɗana. Abin da za ni ce maka guda ne, ka kai ta. Uwa ta roƙi ɗiyarta, mi ya rage? Kai namiji ne, da sahe ka hita sai dare. Wa zai kai ta bayi? Wa zai yi mata wanka, shi kitse mata kai? Can gidansu in wagga ta gaji waccan ta kama. Yamai kuwa maƙwabci sai ya gama nashi kana shi leƙo ka. Mu da munka yi jinyar yayata shekara da shekaru mun san nauyin abin. Kuma kada ka mance, in ka hana uwa ɗiyarta wani abu ya hwaru, Allah shi kiyaye, har ka bar duniya ba a daina hwaɗi.

Ɗan Adar Abija
Gaskiyar Hajiya. Ga haya, ga taksi zuwa kine da dawowa, ga magani, duk a wuyan mutum ɗaya mai keken ɗinki. Can hatsi na rumbu, nono na garke. Kuɗin da taksi ke ci ka riƙa aika musu ta kamfanin aika kuɗi na Nita duk wata, sun fi amfani a can.

Maman Sadiya
Sannu Baban Nafisa, ya mai jiki? Ni aikin jinya nike yi, ka bar ni in yi ƴan tambayoyi kafin a yanke.

An ce akwai hannuwa. Hannun wa? A faɗi suna. Gida mai mutum ashirin da rani, da damina in ka shiga da hantsi daga tsohuwa sai awaki, kowa na gona. Surukarka shekarunta nawa, za ta iya ɗaga babbar mace daga tabarma? Wa zai tashi tsakar dare in ta ji fitsari? In anka ce maka kowa zai yi, ka ƙara tambaya.

Sai maganar da ta fi damuna. Wanda wannan ciwo ya taɓa sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu, kuma babban abin da ke jawo shi hawan jini ne. Maganin tansiyo ba irin na masassara ba ne da za a sha a gama, kullum ne, har iyakar rai sai in likita ya canza. Ana so awon ya zauna ƙasa da 14 bisa 9. A ƙauyen wa ke da na'urar awo? Ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa tafiyar minti nawa ce, kuma in ƙorama ta kawo ruwa ana wucewa? In kwalin magani ya ƙare ranar da ba kasuwa, wa zai shiga Tawa ya sayo? Na sha ganin waɗanda anka mayar gida, wata biyu jiki ya yi sauƙi aka ce ai ta warke, a huta da ƙwayoyin nasara. Sai mu sake ganinsu kwance a bayan mota.

Ɗan Adar Abija
Maman Sadiya ke ma kin san mutanen ƙauye ba su fara jinya yau ba. Kafin a gina asibitocin nan da wa ake yi?

Maman Sadiya
Da su ake yi, kuma ana binnewa a ce kwana ya ƙare. Ban raina kowa ba, ni ma daga can na fito.

Mai Kine
Barkanmu da war haka. Ban ga matar nan ba, don haka wanda ke duba ta shi ne mai magana ta ƙarshe, amma abin da ka kwatanta na san shi sarai.

Ƙarewar zaman da ke cikin takarda ba ya nufin an gama. Yawanci mafi girman sauƙin da ake samu yana zuwa ne a wata uku zuwa shida na farko, daga nan yana ci gaba amma a hankali. Matarka tana tsakiyar wannan lokacin. Mai miƙewa da taimako, mai takawa da sanda, in aka dage akwai kyakkyawan fata ta kai ga zuwa makewayi da kanta. Ranar da ta kai nan, rabin rigimar wa zai riƙe ta ya ƙare. Shi ya sa ni a wurina waɗannan watannin sun fi duk waɗanda za su biyo baya tsada.

Abin da nike tsoro a gidan iyaye ba sakaci ba ne, tausayi ne. Za a shimfiɗa mata, a kawo mata ruwa, a ba ta abinci a baki, ta yunƙura a ce kwanta ki huta. Mako kaɗan ƙafar da ta fara ɗaukarta ta saki, yatsu su dunƙule, gwiwar hannu ta ƙage. Abin da ƙwaƙwalwa ke bukata maimaici ne: tashi, zauna, tashi, zauna, a jingina nauyi kan ƙafar da ta shanye, a miƙe mata yatsu, a bar ta ta ci da hannun hagu ko da za ta zubar. Wannan aikin gida ne na kullum, ba sai a ɗakin kine ba. Amma sai an koya wa mutum guda ya iya shi da hannunsa, kuma wani masani ya riƙa dubawa lokaci-lokaci yana ƙara mata mataki.

Ko ina ta zauna, a kiyaye waɗannan. Kada a ja ta da hannun da ya shanye wajen tayarwa, kafaɗar ba ta da naman da zai riƙe ta, tana iya gocewa, ciwonta kuma ya hana barci wata da watanni. A kama ta ta ƙugu. In tana tari ko muryarta na canzawa lokacin shan ruwa, a gaya wa likita, don abinci na iya bin hanyar huhu ya zama ciwon haƙarƙari. A zaunar da ita tsaye kafin a ba ta, ta kuma zauna kamar rabin awa bayan ta gama, ba a ɗura fura mutum na kwance. In ta daɗe a kwance a juya ta duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da diddige da gadon baya, jan da bai gushe ba mafarin gyambo ne, ga kuma zafin bazarar nan.

Ɗan Illela
Mai Kine na ji ka, amma ku ma ku ji ta ɗaya ɓangaren. Tsohuwarmu a birni munka fara riƙe ta. Kowa ya fita aiki a kulle ta da fanka da rediyo, in wuta ta ɗauke shi ke nan. Ta daina ci, sai kuka. Da munka mayar da ita gida, a fito da ita ƙarƙashin bedi, wannan ta zo da tsinar wake, waccan ta zo da labarin biki, jikoki na hawa kanta. Bakin da ya ƙi buɗewa a birni can ya buɗe, da faɗa ma ta fara. Ɗaki biyu a Talaje cikin watan Afrilu, mace ita kaɗai daga safe zuwa magariba, wannan ma ciwo ne.

Mai Kine
Ban musa ba ko kaɗan. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani, kuma wanda ransa ya mutu ba ya motsa jiki ko ka kawo masa kine goma. Mai matsalar magana kuma ba abin da ya fi masa a yi ta hira da shi ana ba shi lokaci ya amsa. Ƙauye ya fi Yamai a nan nesa ba kusa ba. In Yamai na nufin a kulle ta ita kaɗai, ni ma ban goyi baya ba.

Na Tasha
Ni fa ban ga abin wahala ba. Ka kai ta gidansu ta yi jinya, ka ƙara aure a samu mai riƙe yara. Addini ya ba ka.

Uwar Biyu
Kai Na Tasha ka ji tsoron Allah. Mace na kwance ana neman yadda za ta tashi, kai lissafin amarya kake?

Hajiya Ta Bilbis
Wanga yaro ba ya da ta ido. Ni da ni ce a kai ta, ba don a share ɗaki a kawo wata ni ce ba. Irin maganarka ce ke sa mata ƙin zuwa jinya gida.

Mai kula da zaure
Na Tasha, an ji. Mu koma kan abin da bawan Allah ya tambaya.

Malam Na Garkawa
Assalamu alaikum. Tunda an ambaci addini bari in sa baki kaɗan. Komawar mace gidan iyaye don jinya al'ada ce, mai kyau in ta zama sauƙi, amma ba hukunci ba ce. Kuma abin da Hajiya ta tambaya, wa zai yi mata wanka da tsarki, babu wanda ya fi miji halaccin wannan, domin babu al'aura tsakaninsu. Mu maza ne ke jin nauyi, muna kiran abin kunya. Ka yi da hannunka safe da dare in ka samu iko, lada ce.

Kada kuma a bar ta ta yanke salla don ba ta iya tsayuwa. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Alwala a taimaka mata, in ruwa zai cutar ko ya gagara ta yi taimama. Addu'a da tofi a yi ta yi, ba sa karo da ƙwaya. Wanda ya ce a ajiye maganin likita sai an gama nasa, a sallame shi.

Uwa kuwa tana da hakki babba. Ko mi kunka yanke, kada ta ji shi a waya.

Uwar Biyu
Bari in ba da nawa, don ni ta wancan gefen na gani. Maigidana ne ya faɗi. Da anka sallame mu ƴan'uwansa sunka zauna, ba a ko kira ni ba, sunka ce gida za a kai shi. Na tattara yara na bi.

Wallahi ba wanda ya ƙi shi, son shi ne ma ya yi yawa. Kowa da maganin da zai kawo. Wannan ya ce iska ce ta taɓa shi a bakin rijiya, wancan ya zo da wanzami a yi ƙaho da tsaga, alhali yana shan maganin da ke tsinka jini, jinin ya daɗe bai tsaya ba. Wata gwaggonsa ta dafa ganye ta gasa masa ƙafa da ruwan zafi. Ƙafar ba ta ji, bai ce uffan ba, da safe munka ga fata ta saluɓe. Jinyar ƙunar ta cinye mana lokacin da ya kamata a ce yana koyon tafiya. Ni matar ɗa ce a gidan, in na ce a'a a ce ƴar birni ta raina mutane.

Ga tukunya. Likita ya ce a rage gishiri, an ce mana duka-duka na yini kada ya wuce giram 5, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi. A gidan da ake tuƙa tuwon mutum talatin, ga magi ga kanwa a miya, wa zai ware maka taka? Sai da na sayi ƴar tukunya da murhu na koma gefe, aka yi ta gunaguni.

Ban ce haka za a yi wa matarka ba, ita gidan ubanta ne, ba baƙuwa ba ce. Amma ka tuna ba ta da bakin da za ta ce ya yi zafi. Kai kuma kana nesa da kilomita sama da 500.

Hajiya Ta Bilbis
Uwar Biyu Allah shi saka miki. Gashin ruwan zahi kam gaskiya ne, mu ma mun yi wa yayata, Allah dai ya tsare. Amma don wani gida ya yi kure ba a ce duk gidaje haka suke ba.

Madam Zuwera
Kowa na maganar uwar, ni yarinyar nike kallo. Ina koyarwa a CEG, wato ƙaramar sakandare, kuma na san yadda abin ke tafiya. Ba wanda zai ce Nafisa ki bar lakkol. Za a ce yau dai zauna, gobe ki je. Sai ta fara zuwa tana gyangyaɗi, sai ranar kine ba ta zo ba, sai jarrabawa ta zo ta faɗi a ce ba ta da ƙoƙari. In za ka riƙe matarka a Yamai a bisa wuyan yarinya mai shekara goma sha, to gara ka kai ta Tawa, na faɗa maka gaskiya. In kuma ka kai ta, kada wani ya ce Nafisa ta bi uwarta ta taya jinya, don nan ma za a bi da kai. Ta taimaka da maraice, ta wanke, ta yi hira da uwarta, wannan tarbiyya ce. Amma a samu babba wadda aikin nata ne.

Tsohon Direba
Da hannun hagu nike rubutu, ku yi haƙuri da jinkiri. Ni mai ciwon ne da kaina, ɓarin dama, irin nata.

Tun ɗazu nike karantawa ina jiran wani ya ce mi ita ta ce. Ni an zauna a kaina ana shawara, a kai shi nan, a'a a kai shi can, ina tsakiya kamar tulu. Ina jin komi. Amsar na cikin kaina, bakin ne ya ƙi. Wannan ya fi mini shanyewar ciwo.

Ka ce tana ganewa. To tambaye ta, amma akwai yadda ake yi. Ku biyu kaɗai, ba gaban wanta ba, ba gaban ƙanwarta ba, don kunya za ta sa ta bi bakinsu. Tambaya ɗaya gajera, ka yi shiru ka jira, kada ka ƙarasa mata. Mu masu wannan matsala wani lokaci muna nufin a'a sai i ta fito, don haka ka juya tambayar ka sake, gobe ma ka sake. Ka ajiye abu biyu gabanta, wannan Yamai wannan gida, ta nuna da hannu. Kuma ka gaya mata gaskiyar aljihunka da maganar komawar ƙanwarta, kada ka ɓoye. Matar gida ce, ta fi ka sanin abin da buhun shinkafa ke kaiwa.

Sai dai ka shirya, tana iya zaɓar tafiya don ta sauke maka nauyi, ba don tana so ba. Ni haka na yi. Ka duba fuskarta.

Mushe Abdu
Akwai hanya ta uku da ba a taɓo ba. Ba dole Yamai ko ƙauye ba, ga cikin garin Tawa. In wanta ko wani nasu na da gida a gari, uwar ta zo nan ta zauna da ita, ga asibitin jiha kusa, ga farmasi, adaidaita na kai mutum har ƙofa. Amma kafin ku ɗaga, wani ya je da takardunta ya samo wanda zai karɓe ta da ranar da za ta fara, ba a je tukuna a fara nema ba. Ka karɓi takardar bayani daga likitanta, da hoton sikana, da magani na aƙalla wata biyu. Ka tuna kuma tun watan Satumba na 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita da awo da kwanciya a asibitocin gwamnati, wannan ko a Tawa ko a Yamai ɗaya ne.

Tafiyar ma abin dubawa ce. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, kana a juya arewa, kusan yini guda a zaune. Mai shanyewar ɓari a kujerar bas, ba ta iya sauka da sauri in an tsaya, cikin wannan rana. In ta kama a tafi, a nemi ƙaramar mota, a fita da asuba, a riƙa tsayawa tana miƙe ƙafa.

Baban Nafisa
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Kwana biyu ban leƙo ba, ina bin abin da kunka ce.

Baba Direba, na yi yadda ka koya mini. Na ajiye carbi na ce gida, na ajiye almakashina na ce Yamai. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce Inna. Na ce to gida ke nan? Ta girgiza kai, ta nuna ɗakin da yara ke kwana. Washegari na juya tambayar, haka dai. Uwarta take so, amma ba ta son barin ɗiyanta. Ta yi kuka, ni ma ban iya tsayawa ɗakin ba.

Mushe, na tambayi wanta zancen cikin gari. Ɗaki ɗaya gare shi a Tawa shi da iyalinsa, ba wuri. Maman Sadiya, na ce ya faɗa mini suna. Ya yi shiru, daga baya ya ce akwai ɗiyar kawunsu da aurenta ya mutu, tana zaune gida, mai ƙarfi ce kuma sun shaƙu tun suna yara. Sai na ce a raina, in ita ce hannun da ake faɗi, mi zai hana hannun ya zo nan? Abin da nike tunani: Inna ta zo da ita Yamai, ni da yaran maza mu koma kwana a shago da rumfar tsakar gida, a ƙara zaman kine, a koya wa ita ɗiyar kawun aikin da hannunta. In Nafisa ta gama jarrabawa, ruwa ya ɗauke, hanya ta yi kyau, a sake zama. In a lokacin tafiya ta kama, ta tafi da wadda ta riga ta iya.

Ban san ko Inna za ta yarda ta bar bisashenta da gonarta ba. Kuma ina so in yanka wa ɗiyar kawun wani abu duk wata.

Hajiya Ta Bilbis
A'a ɗana, nan ka ɓata. Ƴar'uwa ba a yi mata albashi, zagi ne. Za a ce ka maishe ta boyi. Ka yi mata zane, ka yi mata sabulu, in za ta koma ka haɗa mata kaya na mutunci.

Madam Zuwera
Hajiya ki gafarce ni, a nan ban bi ki ba. Baiwar Allah za ta bar damina guda, ta yi ta ɗagawa da wankin dare, a sallame ta da turmin zane? Shi ya sa masu zuwa jinya ba sa daɗewa, wata ɗaya sai a ji an yi musu waya daga gida. Ba sai an kira shi albashi ba. Ya ce ga na adashi, ya riƙa ba ta a hannu ba a gaban mutane ba. Kuma a ba ta yini guda a mako ta fita ta sha iska, ranar ya rufe shago da wuri.

Ɗan Adar Abija
Kuma ƴan'uwan matar da ke waje su sa hannu. Masu cewa a kawo ta gida su nuna a aljihu. Ka faɗi abin da ake kashewa a wata a fili, kunya ba ta sayen magani.

Hajiya Ta Bilbis
To na ji, ku yi yadda kunka gani, zamani naku ne. Amma zancen Inna ka saurare ni. Kada ka aiki wanta, kada ka yi waya. Ka samu dattijo cikin danginka ku tahi tare, da goro da sukari. Kada ka ce mata ƙauye bai dace ba, in ka hwaɗi haka ka rasa ta. Ka ce ɗiyarta ta kira sunanta, likita kuma bai sallame ta duka ba. Ka ce roƙo ka zo. Sannan ka tanadi wanda za shi noma mata gonar, don in ba ka yi ba tana nan Yamai hankalinta na can, sati biyu za ta ɗaure kayanta. Ni dai har yanzu ina ganin ƙarshenta gida za ta, amma ba ni hana a gwada.

Maman Sadiya
Ka sayi na'urar awon tansiyo ta batir da ɗan littafi, a rubuta safe da yamma, ka kai wa likita ranar komawa. Ka koya wa duk ƴan gidan har Inna: in baki ya sake karkacewa, ko wani hannu ya saki, ko ƴar maganar da ta dawo ta ɗauke, ko ta ruɗe farat ɗaya, asibiti nan take ko tsakar dare ne. Ba a jira gari ya waye, ba a ba ta komi ta baki.

Tsohon Direba
Makewayin tsuguno ba zai yi mata ba tukuna. Ka sa a huda kujerar roba mai hannu, a sa bokiti ƙarƙashi, a kafa labule a kusurwar ɗaki. Ina da sanda mai ƙafa uku da na daina aiki da ita, ka yi mini magana ta gefe ka aiko yaro ya ɗauka.

Mai Kine
Ka zo da sandar wajen wanda ke duba ta a daidaita tsawon kafin ta fara, Baba Direba ya fi ta tsawo ina zato. A hannun hagu za ta riƙe. Ranar da ɗiyar kawun ta iso, ku taho da ita zaman farko.